Gargaɗi ga masu sayen tsofaffin ƙudajen fatsa da aka rufe cikin akwatin gilashi

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu harkar tsofaffin kaya ta intanet, musamman mazauna Birtaniya da Amurka da kuma waɗanda ke saro kayan gwanjo daga can. Akwai masu talla a Facebook da eBay da zaurukan WhatsApp da ke baje hotunan akwatunan katako masu murfin gilashi, an jera ƙudajen kamun kifi a ciki gwanin sha'awa, an rubuta suna a ƙarƙashin kowanne, suna cewa kayan gado ne na zamanin Sarauniya Victoria ko kuma aikin hannun wata shahararriyar gwana. Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna jabu ne, kuma gilashin da gam ɗin da aka manne ƙudajen da shi su ne ainihin kayan aikin damfarar, domin da su ake hana mai saye duba abin da zai tona asirin mai sayarwa.

Ƙudan fatsa ƙugiya ce da ake yi wa ado da gashin tsuntsu da zaren alharini da siririn ƙarfe mai walƙiya, a jefa ta a kogi domin ta ja hankalin kifi. A ƙarni na 19 attajiran Ingila da Sikotilan masu kamun kifin salmon suka mayar da ɗaura ta abin gasa da alfahari, har George Kelson ya wallafa babban littafinsa a kan wannan fanni a 1895, T. E. Pryce-Tannatt kuma ya fitar da nasa a 1914. Wanda ya fi suna a cikin ƙudajen shi ne Jock Scott, da aka fara ɗaurawa wajen 1850, kuma a jikin ƙugiya guda ɗaya ake haɗa gashin jimina da na zabo da na tuje da na talotalo da na ɗawisu da na aku, tare da na wasu tsuntsayen Kudancin Amurka da na zakaran dajin Indiya. Rabin jikinsa na baya rawaya ne, rabin gaba baƙi. Irin wannan aiki idan ya tsufa kuma aka san hannun da ya fito, masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai kauri a kansa, kuma wannan kuɗin ne ya jawo 'yan damfara.

Yadda suke yi ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san sana'ar. Mutum zai ɗaura sabon ƙuda, ko ya sayo masu araha da dozin, ya jiƙa su a ruwan shayi ko kofi domin launin ya dushe, ya taɓa ƙugiyar da ruwan gishiri ta yi tsatsa, sannan ya manne su da gam a kan kwali, ya buga takarda mai tambarin wani tsohon kamfani kamar Hardy na garin Alnwick, wanda aka kafa a 1872, ya rufe bayan akwatin da takarda mai ruwan ƙasa ya liƙe ta ko'ina. Waɗanda suka fi wayo suna sayen tsohuwar ƙugiya ta gaske, irin wadda aka ƙera a Redditch, garin da ya yi fice da ƙira allura da ƙugiya, su ɗaura sabon gashi a kanta, ta yadda idan mai saye ya tsaya a kan ƙugiyar kaɗai zai rantse cewa kayan na da ne. Akwatin ma kan kasance tsoho na gaske da aka samo a kasuwar gwanjo, amma tsufan akwati ba ya zama shaidar tsufan abin da ke cikinsa. Da zarar ka nemi a buɗe a ɗauko maka hoton ƙuda ɗaya daga baya, sai ka ji an ce buɗewa za ta rage darajar kayan, ko kuma an ce marigayin da ya bar gadon ne ya rufe da hannunsa, iyali ba sa son a taɓa.

Wannan uzuri shi ne babbar alamar rashin gaskiya, domin duk wanda ya iya adana irin waɗannan kaya ba ya manne su da gam. Ana ɗora tsohon ƙuda ne a kan ɗan ƙaramin turke, ko a kama lanƙwasar ƙugiyar da siririyar waya ko zare, a kan kwali marar sinadarin asid, a bar tazara tsakaninsa da gilashi domin kada gashin ya danne, a kuma yi bayan akwatin yadda za a iya kwance shi a duba ko asu ya shiga. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce duk abin da aka yi wa kaya ya zama ana iya warware shi ba tare da an yi ɓarna ba. Saboda haka idan ka ga dunƙulen gam a ƙarƙashin ƙuda da ake cewa ya haura shekara 100, to ko dai jabu ne, ko kuma na gaske ne da aka riga aka lalata, kuma ko wanne ne daga ciki bai kai kuɗin da ake nema ba.

Abubuwan da gilashin ke ɓoyewa su ne waɗanda ya kamata a dage a gani da madubin ƙara girma. Yawancin ƙugiyoyin salmon na zamanin Victoria ba su da ido na ƙarfe, wato ɗan zoben da ake ɗaura igiyar fatsa a jikinsa, sai dai a ɗaura musu ɗan madauki na wani zare mai ƙarfi da ake ja daga cikin tsutsar alharini, wanda yankin Murcia na Sifaniya ya shahara da samarwa. Idan ya tsufa yakan yi rawaya, ya bushe, ya yi saurin karyewa, alhali zaren nailan, da bai shigo kasuwa ba sai ƙarshen shekarun 1930, yana zama sumul da sheƙi. Siririn ƙarfen da ake naɗe jikin tsohon ƙuda da shi yana yin duhu da shekaru, na roba na zamani kuwa ba ya yi. Gashin da ya shekara da shekaru a cikin akwati yakan koɗe ta gefen da ke fuskantar haske, gefen da ke kwance kan kwali kuma ya riƙe launinsa, amma wanda aka tsoma a shayi launinsa ɗaya ne gaba da baya, har cikin lungunan da rana ba ta taɓa kaiwa ba. Wannan bambanci ba ya ganuwa sai an juya ƙudan, shi ya sa ba a so ka juya shi. Takardar sunan ita ma tana ba da shaida: idan aka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, takardar zamani tana walƙiya saboda sinadarin ƙara fari da aka fara zubawa a takarda wajen shekarun 1950, kuma rubutun firinta yana nuna ƙananan ɗigo a ƙarƙashin madubi.

Sunaye biyu aka fi fakewa da su. Na farko shi ne na gwanar ɗaura ƙuda Carrie Stevens ta Upper Dam a jihar Maine ta Amurka, wadda ta yi suna tun daga 1924 kuma ta ƙirƙiro ƙudan Gray Ghost. Takan sa ɗan zobe na zare mai wani launi a kan ƙudanta a matsayin alamar hannunta, sai dai kowa a sana'ar ya san wannan alama, kuma naɗa jan zare a tsakiyar baƙi ba ya gagarar ko ɗan koyo, don haka zoben shi kaɗai ba hujja ba ne. Na biyu shi ne na Megan Boyd ta kusa da Brora a Sikotilan, wadda ta rasu a 2001, kuma Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, yana cikin masu sayen aikinta. A nan abin dogaro shi ne tarihin hannun da kayan suka bi, wato wasiƙa ko rasit ko ambulan na asali da kuma sunan gidan gwanjon da ya taɓa sayar da su, wanda za ka iya tuntuɓa da kanka. Labarin kaka ko na wani tsohon soja da ya rasu ba ya maye gurbin takarda.

Akwai haɗari na biyu da ya fi asarar kuɗi muni, kuma shi ne ya fi damuna. Wani lokaci ƙudan sabo ne amma gashin na gaske ne, na tsuntsun da doka ta kare, sai a laƙaba masa shekarun Victoria domin a ce ya riga dokar zuwa duniya. Yarjejeniyar CITES, da aka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ta ɗaure cinikin irin waɗannan tsuntsaye tsakanin ƙasashe, har da zakaran dajin Indiya da tsuntsayen da ake kira na aljanna, kuma Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna cikinta. A watan Yunin 2009 wani matashi Ba'amurke mai suna Edwin Rist, ɗalibin kiɗa a Landan kuma gwanin ɗaura ƙuda, ya fasa reshen gidan adana tarihin halittu da ke Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299, cikinsu har da waɗanda masanin halittu Alfred Russel Wallace ya tattaro a ƙarni na 19. An kama shi a Nuwamban 2010, kotu ta yanke masa ɗaurin wata 12 da aka jingine, aka kuma umarce shi ya biya fam 125,150. Fatu 174 aka samu a hannunsa, sauran kuwa an riga an sayar da wasu, an yayyanka wasu an raba gashinsu ga masu saye ta intanet. Wanda ya sayi akwati mai ɗauke da irin wannan gashi ya tsallaka da shi iyaka ba tare da takardar izini ba, shi jami'an kwastan za su tare, ba mai sayarwar da ya ɓace ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da kayan ma sam, hotuna kawai suka kwaso daga shafukan gidajen gwanjo. Su ne masu gaggawa, masu cewa wani ya riga ya taya, a tura kafin alƙalami yanzu ta hanyar aika wa 'yan'uwa da abokai ta PayPal, wadda ba ta da kariyar mai saye, ko ta katin kyauta ko kuɗin kirifto. Ba a cinikin biri a sama. Ka sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri, ka nemi a ɗauki sabon bidiyo ana kwance bayan akwatin tare da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar, kuma kada ka biya sai ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka.

Ba ina magana ne a kan masu ɗaura sababbin ƙudaje bisa tsohon salo ba, waɗanda ke amfani da rinannen gashin tsuntsayen gida, su rubuta sunansu da shekarar aikin a bayan akwati, su sayar a kan farashin sabon aiki. Sana'arsu halal ce, kuma su ma wannan damfara tana cutar da su, domin ana sayen aikinsu a cire sunansu a tsofar da shi.

Wanda ya riga ya saya kuma yake da shakka, kada ya yi ƙoƙarin ɓamɓare ƙudajen daga gam ɗin, kada kuma ya yi saurin sayar wa wani domin ya fanshe kuɗinsa, tunda hakan zai sa shi ma ya shiga cikin laifin. Ya adana hoton tallar da duk saƙonnin da suka yi da shaidar biyan kuɗi, ya kai akwatin yadda yake wurin gidan gwanjo mai ƙwararre a kayan kamun kifi domin a tantance, sannan ya shigar da ƙorafi a dandalin da aka yi cinikin da kuma bankinsa kafin wa'adin neman mayar da kuɗi ya wuce. Idan mai sayarwar yana Najeriya, a kai rahoto ga hukumar EFCC ko 'yan sanda tare da lambar asusun da aka tura kuɗin.