Bindigar Waje da ta Gida: Wacce Canjin Kuɗi Ya Fi Taɓawa?

Bindigar da ake shigowa da ita daga Turai, irin su Beretta ta Italiya ko Glock ta Ostiriya, da yuro ɗan kasuwa yake sarinta. Da zarar kuɗin ƙasarsa ya faɗi, sari ya yi tsada, kuɗin fito ma ya ƙaru, tunda a kan darajar kaya ake yanka shi. Sai dai farashin shago ba ya tashi nan take. Bindiga takan daɗe ba a saye ta ba, tsohon kaya yana nan da tsohon farashi har sabo ya iso. In kuma kuɗin ya farfaɗo, sauƙin kan yi jinkiri, halin 'yan kasuwa ke nan.

Ta gida ta fi kwanciyar hankali, don albashi da haya da kuɗin ƙasa ake biyansu. Amma a harsashi wannan kariya ba ta da wani ƙarfi. Jan ƙarfe da tutiya na kwanson, da dalmar kan harsashin, duk da dala ake cinikinsu a kasuwar ƙarafa ta Landan, ko a ina masana'antar take. Ga shi harsashi ƙarewa yake, ana sabon sari a kai a kai, shi ya sa farashin kwalin harsashin gida ma ba ya jimawa yake bin dala.