Gargaɗi: Kwamfutar da aka yaba a sharhi, ba lallai ita za a kawo maka ba

Jama'a, a yi hattara da wani salon algus da ya yi yawa a cinikin sababbin kwamfutoci ta intanet. Mai sayarwa zai ɗora hoton laftof, ya manna bidiyon wani sanannen mai sharhi yana yabonta, ya jera taurari biyar a ƙasa. Ka kalla, ka ga gudu, ka ga kyan allo, ka tura kuɗi. Kaya ya iso, suna ɗaya, kwali ɗaya, amma kayan ciki ba su ba ne. In ka yi magana ya ce ai sunan da ya rubuta shi ya aiko maka, kuma a takarda bai yi ƙarya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Kamfanoni sukan fitar da laftof guda a nau'o'i da dama ƙarƙashin suna ɗaya, kuma wadda ake aika wa masu sharhi galibi tana cikin masu ƙarfi. Sai macuci ya saro mai rauni, ya sayar da ita da yabon yayarta. Katin zane (na'urar da ke sarrafa hoton da ake gani a allo) na RTX 3060 na laftof ya isa misali: akwai wanda aka ƙayyade wa ƙarfin lantarki na wat 60, akwai mai kai wa wat 115, duk sunansu ɗaya, amma a wasa ko aikin bidiyo akwai tazara sosai tsakaninsu wajen gudu. Haka RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita: sanda ɗaya mai gig 16 ba ta aikin sanda biyu masu gig 8 kowace, musamman in kwamfutar ba ta da katin zane na daban. Allo kuwa nan aka fi cutar mutane, domin ba kowa ke lura da dishi-dishin launi a ranar farko ba.

Wani lokaci ma ba dillali ba ne, daga masana'anta abin yake farowa. A 2021 aka gano kamfanin Western Digital ya sauya ƙwayoyin ajiya na SSD ɗinsa (ma'ajiyar fayiloli) mai suna SN550 bayan an gama yabonsa, gudun rubuta manyan fayiloli ya ragu, sunan bai canza ba. A shekarar ce kuma aka ga irin haka a SSD ɗin Crucial P2. Masu sharhin ba su yi ƙarya ba, abin da suka gwada ne aka janye daga kasuwa a ɓoye.

Shi kansa sharhin a duba shi da kyau. Shafukan nan masu taken "kwamfutoci goma mafi kyau na bana" da yawansu ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Bayanan kamfani suke kwafowa, su sa maka mahaɗin saye, su karɓi la'ada in ka biya. Za ka gane su: hotunan duk na talla ne, babu awon zafi, babu ƙarar fanka, babu awannin da batir ya yi, kuma kowace kwamfuta ba ta da aibi.

Ba wai duk masu sharhi mayaudara ba ne, akwai masu riƙon gaskiya, kuma suna shan matsi. A Disamban 2020 Nvidia, kamfanin katunan zane, ya sanar da tashar sharhi ta Hardware Unboxed cewa ya daina ba ta katunan gwaji saboda bai ji daɗin yadda take awo ba, sai da mutane suka yi ca sannan ya janye ya ba da haƙuri. A 2018 kuma Intel ya biya kamfanin gwaji na Principled Technologies ya gwada furosesarsa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i9-9900K da Ryzen 7 2700X na kamfanin AMD, aka fitar da sakamakon tun kafin a bar masu sharhi masu zaman kansu su buɗe baki, daga baya aka gano an gwada na AMD da rabin ƙwayoyin aikinsa a kashe. Shi ya sa ni ban ga hikimar biyan kuɗi kafin ranar fitowar kaya ba.

Doka ta fara motsi. Hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta haramta saye da sayar da sharhin bogi a 2024, Birtaniya ma ta bi sahu daga Afrilun 2025. Sai dai hakan ba zai dawo maka da kuɗinka daga dillalin da ya goge shafinsa ba.

Don haka kafin ka biya, ka nemi cikakkiyar lambar samfuri, wadda ke manne a ƙasan laftof ko jikin kwali, ka gwada ta da wadda mai sharhi ya ambata. In dillali ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa. Ka sa ya rubuta maka furosesa, RAM, SSD da nau'in allo, da wa'adin mayarwa. Ranar da ta iso, ka sauke manhajojin da ke nuna kayan cikin kwamfuta, wato CPU-Z, HWiNFO da CrystalDiskInfo, ka ɗauki hoton abin da suka nuna, ka kwafi babban fayil ka ga ko gudun zai faɗi a tsakiya. In ka ga saɓani ko guda, ka mayar tun wa'adin bai cika ba.