Wane kiɗa za ka saya wa 'yan busan makarantarku?

Duk malamin kiɗan da ya buɗe jerin takardun kiɗan busa zai ga kowane kiɗa da lambar matakin wahalarsa a jikinsa, daga 1 zuwa 6. Tsarin Amurka ne: 1 na sababbin shiga, 6 na ƙwararrun jami'a da na soja. Kamfanonin Hal Leonard da Alfred da Carl Fischer da Barnhouse duk suna sa irin wannan lamba, sai dai kowanne da mudun awonsa. Abin da wannan ya kira 2, wancan yana iya kiransa 3. Saboda haka kada ka tsaya ga lambar, buɗe takardar ka duba da idonka. Dillalai irin su J.W. Pepper suna barin mutum ya ga shafukan kuma ya saurari kiɗan kafin ya biya.

Abin da nake fara dubawa shi ne layin kilarinet, wato sautukan da aka rubuta wa wannan abin busa mai ramukan yatsu. Akwai wata gaɓa tsakanin sautukan da ake kira Bi-filat da Bi inda yaro zai tashi daga yatsu biyu kawai zuwa rufe kusan dukkan ramuka a lokaci guda. Wanda bai shekara da busa ba, a nan yake tuntuɓe: yatsa ɗaya ya kauce kaɗan, sai ka ji wata ƙara mai tsini, yaron ya sunkuyar da kai don kunya. Kiɗan mataki na 1 na ƙwarai ba ya tsallaka wannan gaɓa. Haka tirampet ba ya hawa sama sosai, don leɓen yaro bai yi ƙwari ba tukuna. In ka ga an karya waɗannan ƙa'idoji biyu, ajiye kiɗan sai baɗi.

A mataki na 2 da na 3 ne kasuwa ta fi cika, kuma a nan aka fi yin sayen da-na-sani. Kiɗa mai sauri da ganguna yana jan hankalin yara, yana kuma ɓoye aibi. Ni na fi son a haɗa da mai tafiya a hankali, irin Air for Band na Frank Erickson na 1956. Ba ya wahalar da yatsu, amma yana tilasta wa yaro ya riƙe numfashi ya kuma saurari na kusa da shi.

Daga 4 zuwa sama sai an yi wa kai gaskiya. First Suite in E-flat na Gustav Holst, wanda ya rubuta a 1909, yana buɗewa ne da muryoyin ƙasa, wato manyan kayan busa na tuba da yufoniyam, a hankali ba wurin fakewa. Na taɓa zaɓarsa alhali mai busa tuba ɗaya gare ni, shi ma bai daɗe da farawa ba. Mun ɓata zango guda muna maimaita buɗewar. Lincolnshire Posy na Percy Grainger na 1937 kuwa mataki na 6 ne, awon bugunsa yana ta canzawa, ba na sakandare ba ne sai wadda ta yi fice ƙwarai.

Sai batun kayan busan da ke hannunka. Yawancin takardun nan an rubuta su ne don cikakkiyar ƙungiya mai kayan busa irin su obo da basun da hon. Makarantar da ƙarfinta ya tsaya ga tirampet da tiramboni da 'yan ganguna na faretin 1 ga Oktoba ba ta da waɗannan. Duba ko an maimaita layin obo da ƙananan alamu a takardar wani abin busan, yadda wancan zai ɗauka in babu obo. In ba haka ba, nemi nau'in da ake kira fileks, mai layi biyar da ganguna, wanda kowane layi kayan busa daban-daban ke iya ɗauka. Ya yawaita a 2020, lokacin da korona ta raba ƙungiyoyi ƙanana-ƙanana. Sautinsa bai kai na asali armashi ba, amma babu ramin da zai buɗe a tsakiyar kiɗa.

Kuɗin aiko da bugaggun takardu daga ƙetare zuwa Kano ko Yamai yana da nauyi, don haka wanda ake saukewa ta intanet a buga a gida ya fi sauƙi. Tsohon bugun Holst yana nan kyauta a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, amma na sababbin mawallafa haƙƙin mallaka na kansu, sai a karanta sharaɗin yawan kwafi kafin a kai wurin mai fotokwafi.