Kamfanin da ya yi wa Kawu sutura a Birmingham

Kawu ya rasu a asibiti a Birmingham daren Alhamis, ni kuma ke nan ɗansa mafi kusa a Ingila. A Zariya da an kai shi kafin azahar. A nan sai da muka kwana huɗu, kuma wani ƙaramin kamfanin shirya jana'iza na Musulmi ne ya riƙe hannuna.

Abin da ya fi amfanata shi ne yadda dattijon da ke kula da wurin ya zaunar da ni, ya bi takardun kalma bayan kalma. Turancina ba laifi, amma Turancin masu jana'iza daban ne. Akwai wani layi da ke cewa "kula da tsaftar gawa". Na ɗauka wanka ne, saura kaɗan in sa hannu. Ya ce: "Dakata, ɗana. A wannan sana'a, idan an faɗi haka ana nufin ɗura wa gawa sinadari ta jijiya don kada ta lalace. Ba ma yi sai idan za a kai mamaci gida a jirgi." Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Haka ya fayyace mini koriyar takarda, wadda ofishin rajista ke bayarwa, ba a binnewa sai da ita ko izinin jami'in binciken mutuwa. Ya ce doka ta ba da kwana 5 a yi rajistar mutuwar. Sai maganar kabari: ashe ba ƙasar muka saya ba, haƙƙin binnewa ne na wasu shekaru, kuma a maƙabartun hukuma ba ya wuce shekara 100. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai.

Wanka kuwa da ni aka yi, a ɗaki mai tsafta da ruwan ɗumi da kafur. Likkafani ƙyalle uku. Sun tabbatar an fuskantar da shi alƙibla, aka jera katako inda mu muke sa itace da fasassun tukwane.

Ƙorafina ɗaya: ranar Asabar na yi ta kira ba a ɗauka, alhali 'yan gida na ta tambayata. Amma kuɗin da suka rubuta mini tun farko, da nasu da na maƙabarta a rarrabe, shi na biya, ko fam ɗaya bai ƙaru ba. Na riga na ba limamin masallacinmu lambarsu. Allah Ya jiƙan Kawu.