Midjourney ko ChatGPT don haɗa hoton kolaj? Ga nawa ra'ayin

'Yar uwa, tambayarki ta wanne za ki biya tsakanin Midjourney da ChatGPT, injinan AI masu zana hoto daga rubutu, don haɗa kolaj (hoton da ake yi da manna guntayen takardu da hotuna) na tallan atamfofinki, ni dai amsata ChatGPT, kuma ma kar ki fitar da ko sisi tukuna, fara da na kyautan ki ga kamun ludayinsa. Amma bari in yi bayani dan kar masu Midjourney na gidan nan su ce son kai ne.

Shi kolaj duk daɗinsa a baki-bakin takardar yake. Mai kallo ya ga cewa wannan guntun yago shi aka yi daga jarida, wancan da almakashi aka yanko shi, ga ɗan farin nan da ke fitowa a gefe in an yaga takarda, ga 'yar siririyar inuwa a ƙarƙashin wanda aka manna a sama. To su kuma injinan nan abin da suka fi sabawa da shi hoto ne mai santsi, duk abin da kika ba su so suke su narkar da shi ya koma zane guda mai sheƙi, ba gaɓa ba ɗinki. In kika rubuta "collage" kawai kika tura, ɗayan biyu ne: ko ya jera miki hotuna gida-gida irin wanda ake sawa a sitatus ranar bazday, ko ya ba ki zane mai kyau wanda sam ba kolaj ba ne. Kenan aikin gaba ɗaya ja-in-ja ne da injin, kina cewa ya bar kaushin yana gogewa, shi ya sa wanda ke jin magana in an gyara masa ya fi miki amfani a kan wanda ya fi iya kwalliya.

Kwanakin baya ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu suka ɗora min bangon mujallar taronsu, aka yi ta turo min tsofaffin hotuna baƙi da fari, wasu ma da waya aka ɗauko su daga cikin albam har da hasken fulas a goshin mutane. Ban ce wa ChatGPT ya haɗa min bangon gaba ɗaya ba, gutsi-gutsi na dinga karɓa, na ce ya ba ni yagaggiyar takardar littafin rubutu mai layi shuɗi da jan layi a gefe, bayanta ya zama wayam babu komai, wato PNG da za a iya ɗorawa a kan wani abu. Ya ba ni, sai dai yagewar ta yi tsaf kamar da reza aka bi ta, da Hausa na rubuta masa cewa wannan ta yi kyau da yawa, ka sa bakin ya yi kaca-kaca kamar yaro ne ya fizge ta, wallahi ya gane ya gyara. Haka na karɓi guntun salatif, na karɓi tabon tawada, na karɓi kan sarki na wasiƙa, na kwashe su zuwa Canva, manhajar tsara hotuna, na jera da hannuna, hotunan mutanen kuwa na asalin na yanko na ɗora, ban bari injin ya taɓa fuskar kowa ba. Ranar taron tsohon malaminmu na lissafi yana riƙe da mujallar yana hira, ina kallonsa ya sa farce yana ta ƙoƙarin ɓamɓare salatif ɗin da ke kan hotonsa, sai da wani ya ce masa Malam ai bugawa aka yi.

Kin ga abin da ya sa nake yabonsa kenan, tun da suka sa sabon injin hoton a ciki a watan Maris na 2025 ya zama hira kuke yi, ki ce matsar da wancan, rage wannan, cire furen, ba sai kin sake rubutu daga farko ba. Kuma ko Turancin ya yi miki nauyi ki zuba masa bayanin da Hausa ki ce ya mayar miki da shi umarnin Turanci, ki karanta ki gyara sannan ki ce ya zana.

Yadda nake tsara umarnin kuwa, kayan haɗin nake fara lissafawa kafin komai, dan injin bai san me ke cikin kanki ba: guntayen atamfa, tsohuwar jarida, takardar kwali, zare, maɓalli. Sai yadda aka yanka su, yagewa ko almakashi. Sai yadda aka manna, wane ne a sama wane ne a ƙasa. Sai haske, daga nan launi, kuma launin kar ya wuce uku ko huɗu in ba haka ba hoton zai yi hayaniya atamfar taki ta ɓace a ciki. Ga irin wanda nake amfani da shi, ki kwafa ki canza abin da kike so: "handmade cut-paper collage, torn edges with white fibres showing, scraps of wax print fabric, old newsprint, masking tape, small shadows under each layer, scanned flat from above, matte, no gloss". Wannan "scanned flat from above" ɗin kar ki cire shi, shi ke hana injin ya ɗauko miki hoton teburi da almakashi da kofin shayi a gefe. In kina son irin ɗigo-ɗigon nan na hoton tsohuwar jarida ki ƙara "halftone dots", in kuma kina son abin ya yi ban mamaki, kamar hannu ya fi gida girma, ki sa "mismatched scale", dan ainihin kolaj ba ya damuwa da girman abu ya yi daidai.

Ambaton zamani ko salo ma yana taimakawa sosai. Abin nan ba yau aka fara ba, tun 1912 Picasso da Braque ke manna takardu a jikin zanensu a Faransa, Hannah Höch a Jamus ta yi suna da yanko hotunan mujallu tana haɗa kan wani da jikin wani, Matisse da tsufa ya kama shi takarda mai launi ya koma yankawa, Romare Bearden kuma a Amurka ya nuna rayuwar baƙaƙen fata da guntayen hotuna. Kowanne kika ambata hoton zai karkata can, na Matisse shi zai fi dacewa da kayan mata a ganina dan launinsa a fili yake ba cunkoso. Akwai Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC, ki nemi aikinta ki kalla ki ga yadda take cusa hotunan gida Najeriya a cikin bango da tufafi, amma ki kalla ne ki koya, kar ki sa sunanta a umarni, tana raye tana cin abinci da aikinta, shi kansa ChatGPT yakan ƙi kwaikwayon mai zanen da ke raye.

Midjourney kuwa, toh, ba zan ci haƙƙinsa ba, hotonsa na farko yakan fi kyau, kaushin takarda da haɗin launi ya iya su. Amma tela ne gwani wanda in kin kai masa ɗinki sai ya yi miki wanda shi ya ga ya dace da ke. Sai kin koyi 'yan lambobinsa kafin ya saurare ki, --ar 9:16 dan tsayin sitatus, --style raw da rage --s daga 100 zuwa ƙasa dan ya rage kwalliyar kansa, --no dan hana abin da ba kya so, --sref dan ya bi salon wani hoto. Ba shi da tsayayyen na gwaji kyauta tun 2023, mafi araha dala 10 a wata, Turanci ya fi ji, kuma hotunan da kika yi a fili suke kowa na iya gani a shafinsu sai in kin hau tsarin dala 60. Ga mai sana'ar zane da ke fitar da hoto ɗari a sati ya biya kuɗinsa, ke da za ki yi talla uku ko huɗu a wata ban ga dalili ba.

Shi ma ChatGPT ɗin ba wai ba shi da hali ba ne, hotonsa na yawan ja zuwa ruwan ɗorawa, a kolaj na tsohuwar takarda wannan alheri ne amma in farin leshi kike talla ki ce masa fari tas kike so. Na kyautan kuma hotuna kaɗan yake bayarwa ya ce ki jira, tsarin kuɗinsa mai suna Plus dala 20 ne a wata. Kuma duk cikinsu biyun kar ki ba wa kowanne hoton atamfarki ki ce ya saka a ciki, sake zana ta zai yi, zanen ya canza, mai saye ta zo ta ce ba wannan ta gani ba. Ki ɗauki atamfar da wayarki a hasken rana, ki cire bayan, ki ɗora da kanki. Haka rubutu, ƙ da ɗ da ɓ suna ba su wahala, sunan shago da lambar waya ki rubuta a Canva ki zaɓi salon rubutun da ke da haruffan namu. In kika ce "African" kawai kuwa kente da duwatsun wuyan Maasai za ki gani, sai kin kama suna, hula mai aiki, baƙin rini irin na Ƙofar Mata, ginin ƙasa mai zanko. Rubutun Larabci ko allo dan Allah kar ma ki nema, shirme yake jerawa mai kama da ayoyi, a zo a ɗora a talla a ja miki magana.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, tunda kin yi wannan tambayar a fili yanzu za ki ga saƙonni ta bayan fage, masu cewa suna da Midjourney na har abada a dubu biyar, ko akawun ɗin haɗaka. Babu wani tsarin har abada, wata-wata ko shekara-shekara ake biya, akawun guda suke sayar wa mutum ashirin, kowa na ganin aikin kowa, ranar da aka rufe shi kuma lambar mai sayarwar ta daina shiga. Sun san katin naira ba kowanne ke wucewa a biyan dala ba, da wannan suke kama mutane. Akwai kuma shafukan bogi a Facebook masu cewa ki sauke Midjourney a kwamfuta kyauta, ƙwayar cuta ce mai kwashe fasuwod, shi Midjourney na gaskiya ta shafinsa na intanet ko ta manhajar hira ta Discord ake shiga. Masu sayar da "umarni dubu goma" a PDF su ma ki bar su da kayansu, kwafe-kwafe ne daga intanet, wanda na rubuta miki a sama ya ishe ki farawa.

Ki buɗe ChatGPT na kyauta, ki karɓi guntayen ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa a Canva, sai ranar da ya fara tsayar da ke a tsakiyar aiki oda na jira sannan ki yi maganar biya. In za ki buga babbar bana, wato kyallen talla, ki faɗa min tukuna, girman hoton da yake bayarwa na waya ne da ƙaramar takarda, sai an ƙara masa girma kafin a kai wajen masu bugawa.