Reza mai ƙugiya: yadda na same ta a aikin leda da kafet

Sana'ata shimfiɗa ledar ɗaki da kafet. A nan cikin garin Katsina nake yi, wani lokaci aiki ya kai ni Daura ko Dutsin-Ma. Mafi yawan aikina ɗakin amare ne, sai masallatai da ofisoshi jefi-jefi. Abokan sana'a sun sha tsayar da ni suna tambayar rezar nan mai lanƙwasasshen baki da suke gani a hannuna, shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi abin da na sani a kanta, daɗinta da kuma inda ba ta da amfani.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, reza ce irin wadda ake sa wa wuƙar nan mai mariƙin ƙarfe da kafintoci ke yawo da ita, wadda in ka kwance noti ɗaya take rabewa biyu. 'Yan tsagogin da ke bayanta, masu kama mariƙi, iri ɗaya ne da na miƙaƙƙiyar reza, don haka ba sai ka sayi sabon mariƙi ba. Bambancin a baki yake. Kowane ƙarshe nata an lanƙwasa shi kamar ɗan ƙaramin lauje, kaifin yana cikin lanƙwasar, bayan ƙugiyar kuwa ba shi da kaifi. In baki ɗaya ya dakushe sai ka juya ɗayan. Wadda nake amfani da ita ta kamfanin Stanley ce, na Amurka, wanda tun 1936 yake ƙera irin wannan wuƙa. A jikin kwalinta za ka ga 1996, a na miƙaƙƙiyar kuma 1992. Lambar kaya ce, ba shekarar da aka yi ta ba, na faɗi haka ne domin na taɓa jin wani yana cewa an sayar masa da tsohon kaya.

Abin da ya sa na koma mata, wani aiki ne a Ƙofar Marusa da har yau ban manta ba. Ranar Alhamis ce, washegari za a yi jere. Ɗakin tsohon daɓen siminti ne mai kaushi, ni kuma miƙaƙƙiyar reza kawai na sani a lokacin. Duk wanda ke wannan aiki ya san abin da siminti ke yi wa tsinin reza: kana yanka leda, tsinin yana gogar ƙasa, kafin ka gama bango biyu ya mutu. Na zo bango na ƙarshe, wajen dokin ƙofa, ina jin rezar ta fara ja amma na ce bari in ƙarasa. Sai ta ƙi yanka, ta tattaro ledar, ta yage ta zuwa cikin ɗaki kusan taki guda. Gwaggon amarya na tsaye da tsintsiya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Malam, nan fa idon kowa zai fara sauka." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne, ni zan sake." Na hau mashin zuwa Babbar Kasuwa na sayo wata da kuɗina, ban bar gidan ba sai bayan isha'i. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar yadda na ga fuskar matar nan ba, domin na san da guminsu suka haɗa kayan ɗakin 'yarsu.

Bayan wannan da 'yan watanni aka kira ni in taya wani dattijo da ya zo daga Kano shimfiɗa kafet a masallaci. Na ga yana jan wuƙa kamar mai tsaga yadi, ba ƙarar ƙarfe a kan siminti. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, wace irin reza ce wannan?" Ya kwance mariƙin ya ɗora min ita a tafin hannu, ya ce, "Yaro, abin da aka ce ka yanka shi za ka yanka, ƙasa ba ruwanka da ita." Ranar da muka gama ya ba ni guda biyu.

Yadda take aiki shi ne duk sirrinta. Za ka cusa bakin ƙugiyar a ƙarƙashin gefen ledar, ledar ta shige cikin lanƙwasar, sai ka jawo wuƙar ta wajenka. Bayan ƙugiyar ne ke zamewa a ƙasa, kaifin yana sama yana cin leda kaɗai. Ba ka danna ƙasa, ja kake yi. In rezar sabuwa ce, wani ɗan sauti za ka ji siririn gaske, gefen yankan ya fito sumul ba gashi-gashi. Saboda haka kaifinta yana daɗewa fiye da na miƙaƙƙiya nesa ba kusa ba, kuma in tayil ne a ƙasa ba ta karce shi. Wannan na tayil ɗin yana da muhimmanci yanzu da gidajen haya da yawa a Sabuwar Unguwa da Layout suke da tayil, mai haya ya sa a ɗora masa kafet a kai, in ya tashi fita mai gida ya zo yana duba kowane layi. Haka in kana yanke leda daga jikin naɗi, ba ta huda ta ƙarƙashi. Da miƙaƙƙiya, sau nawa mutum ya yanki yadi shida, ya buɗe naɗin ya tarar ya ja wa na ƙasa layi.

Inda ta fi burge ni shi ne gindin bango. Ina tura ledar da yatsu ta kwanta sosai a inda ƙasa ta haɗu da bango, har ta yi alamar karyewa, sannan in bi alamar da ƙugiya a hankali. Ba na yanke ta daidai a karon farko. Nakan bar kamar faɗin yatsa biyu, in zagaye ɗakin, in dawo in rage, domin bangon gidajenmu, musamman tsofaffin gine-ginen cikin gari wajen Ƙofar Soro da unguwannin da ke kusa da Gobarau, da wuya ka samu wanda ya miƙe sak. Kafet kuma ta bayansa nake yanka shi in da hali, don kada in aske masa gashi. Tamfol da shimfiɗar kwaltar da ake liƙa wa rufin kankare duk tana cin su ba gardama.

Wani abu da ya shafi garinmu: lokacin hunturu leda tana ƙagewa ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta da ƙarfi ma sai ta tsage. Kada ka ɗora wa reza laifi. Ka baza ledar a tsakar gida rana ta ɗan taɓa ta, ta saki jiki, sannan ka shigar. Kuma ka share ɗakin sau biyu. Rairayin nan da iska ke kwasowa yana liƙewa a bayan leda, shi ke cinye kaifi ba ka sani ba.

Amma fa ba ta maye gurbin miƙaƙƙiya. Ba ta bin ƙarfen awo, wato miƙaƙƙen ƙarfen da ake ɗorawa a ja layi a jikinsa, yadda ya kamata, in ka sake mata hannu sai ta karkace. In ina son dogon layi miƙaƙƙe a leda mai kauri, miƙaƙƙiya nake fara ja a jikin ƙarfe in yi shata, sannan ƙugiya ta bi shatar ta raba. Wajen haɗa leda biyu a tsakiyar falo, inda ake ɗora ɗaya kan ɗaya a yanke su tare don zanen ya haɗu, miƙaƙƙiya ce kawai. Cikin kusurwa ma ba ta kai wa ƙarshe, kuma ba ka iya fara yanka da ita a tsakiya sai ka huda mata hanya. Shi ya sa mariƙi biyu nake sa wa a jaka. Wasa ta kuwa wahala ce, dutsen wasa wuƙa ba ya shiga cikin lanƙwasar. In ta mutu ta mutu, kada ka yi mata rowa. Kuɗin guda ɗaya bai kama ƙafar kuɗin ledar da za ta ɓata maka ba.

A kula da jabu. Na taɓa sayen wata mai arha a wani shago, ba suna a jikinta, ƙarfen ya fi siranta, tana rawa a cikin mariƙi. Rana ɗaya bakin ƙugiyar ya ɓalle a cikin kafet, muka yi ta lalube da hannu har muka gano shi, don ɗakin yara ne ba zan iya tafiya in bar shi ba. Araha ba ta ado. Tun daga nan nake duba kaurinta, in gwada ta a mariƙi a gaban mai shago, in ta yi motsi in ajiye masa abinsa. Ba kowane shago ke da ta kirki ba a Katsina, sau da yawa saƙo nake bayarwa a taho min da ita daga kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Abin da ya fi damuna, kuma nake roƙon iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu su ji, shi ne hatsarinta. Wuƙa ce da ake jawowa ta wajen jiki, kuma ƙugiya in ta kama nama ba ta saki. Wani yarona ya dafe leda da hannun hagu a kan hanyar wuƙa, ta kufce ta same shi a gindin babban yatsa, sai da aka yi masa ɗinki. Ni na kai shi asibiti, ni kuma na je na tsaya gaban mahaifinsa. Yanzu ba na ba sabon yaro ita sai ya yi makonni yana kallo, kuma abu na farko da nake nuna masa shi ne inda gwiwarsa da hannun hagunsa za su zauna, a gefe, ba a kan hanyar da wuƙa za ta biyo ba. Na fi son mariƙi mai noti a kan wanda ake tura rezar ta fito ko ta koma ciki, domin mai notin yana riƙe ta gam.

Rezojin da suka mutu kuma ba na jefa su a shara. Gwangwanin madara nake da shi a jaka, na huda masa 'yar tsaga a sama, nan nake zura su. Yaran unguwa da almajirai ba takalmi suke bin bola, awaki ma suna kiwo a wurin. In gwangwanin ya cika sai in buga bakinsa da guduma ya rufe, in miƙa wa masu sayen gwangwan hannu da hannu, in faɗa musu abin da ke ciki.