Kwandon lemon ɓawo ko katan ɗin lemon kwali: wanne za a kai gidan surukai?

Ƙanwata, kin ce kina haɗa kayan shan ruwa na gidan surukanki, kuma ke da maigida kun kasa daidaitawa. Shi yana son katan biyu na lemon kwali don sun fi cika ido, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da kwandon lemon ɓawo. Kin ce Hajiya tana shan maganin hawan jini, Alhaji kuma likita ya ce ya rage zaƙi, sannan wata ta ba ki shawara ki sa garehul (babban lemon nan mai ɗan ɗaci da Turawa ke kira grapefruit) a ciki, wai yana narka kitse. Amsata a taƙaice: ki kai lemon ɓawo, ki haɗa da tanjarin in kin samu mai kyau, garehul kuma kada ya shiga kwandon nan ko guda ɗaya.

Amma bari in fara ba maigidanki haƙƙinsa, don ba shirme ya faɗa ba. Katan yana da kwarjini. Idan yaro ya shigo da shi a ka, kowa a tsakar gida ya san an kashe kuɗi. Ba ya ruɓewa, Hajiya za ta iya tura shi ƙarƙashin gado har ranar Sallah ta fito wa baƙi da shi. Lemon ɓawo kuwa mun raina shi saboda kullum muna ganinsa a baro a bakin titi, kuma a zafin garin nan in ya yi mako guda a ɗaki ya fara yamushewa. Wajen ajiya da fita kunya, katan ya ci. Daga nan kuma ban ga inda ya sake ci ba.

Lemon zaƙi matsakaici, mai nauyin kamar giram 130, yana ɗauke da bitamin C wajen miligiram 70, sukari kamar giram 12, da faiba kusan giram 3. A ma'aunin Amurka mace baliga tana buƙatar miligiram 75 na bitamin C a yini, namiji 90, kin ga ke nan lemo ɗaya ya kusa biya. Faiba ɗin nan, wato totuwa da farin zaren da ke jikin ɓangarorin, ita ke riƙe sukari ya shiga jini a hankali, ita ke sa mutum ya ji ya ƙoshi, ita kuma ke taimakon mai fama da taurin bayan gida, abin da ke damun tsofaffi da yawa in azumi ya yi nisa.

To, ɗauki kofi ɗaya na ruwan lemo zalla, wanda ba a ƙara masa komai ba. Sukarinsa ya haura giram 20, faiba kuma kusan babu, don sai an matse lemo biyu ko uku aka zubar da totuwar kafin kofin ya cika. Da wuya Alhaji ya zauna ya cinye lemo uku a jere, amma kofi biyu bayan kiran sallar magariba, da ƙishin yini guda, ko numfashi ba zai yi ba. Wannan ma in kwalin na zalla ne. Ki juya bayansa ki karanta jerin kayan haɗin. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. Idan kin ga ruwa a farko, sukari na biye, ruwan lemo sai a na uku, to ruwan sukari ne mai ƙamshin lemo, komai kyan hoton da ke gaba. Lemon kwalba mai gas ba a ma maganarsa: kwalba ɗaya ta sentilita 35 tana iya kai cokalin shayi tara na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kamar giram 50 ga babba. Ta sa ruwan 'ya'yan itace da aka matse a cikin wannan lissafi, ba ta sa ɗan itacen da aka ci gaba ɗayansa ba.

Sai dai akwai inda mu ma muke yi wa lemon ɓawo rashin adalci. Dubi yadda muke cewa "shan lemo". Mai baro ya feraye shi da 'yar wuƙarsa, ɓawon yana sauka kamar igiya, ya fille masa kai ya miƙo. Ke kuma ki matsa, ki tsotsa, ki matsa, ki tsotsa, sai ya koma kamar tsumma ki jefa wa akuya. Akuyar ce ta ci faiba. Don haka in kin kai, ki ce wa masu hidimar gidan su riƙa yanka wa Alhaji gida huɗu ya ci da totuwarsa, guda ɗaya a zama ɗaya, kuma ya fi kyau bayan ya sa wani abu a cikinsa. Mai ciwon suga ba a hana shi lemo, adadi ake tsare masa. Wanda ya kamata a tambayi likitansa tukuna shi ne mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, saboda gishirin fotasiyam da ke cikin lemo.

Yanzu a cikin dangin lemon kansu. Tanjarin ya fi lemon zaƙi daɗin sha'ani: ba wuƙa, ba ɓata hannu, tsohuwa mai raunin haƙori za ta ɓare shi da farce, yara kuma ba sai an roƙe su ba. Bitamin C ɗinsa kusan rabin na lemon zaƙi ne in aka auna nauyi da nauyi, amma ya fi shi sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Raunin tanjarin fatarsa. Ba ya son danniya, ba ya jure kwana, saboda haka shi ake ɗorawa a saman kwando, shi kuma ake fara sha.

Lemon tsami ba abin kyauta ba ne shi kaɗai, amma ɗan kashi ɗaya a gefe zai yi wa Hajiya amfani a kunu, a shayi, a kwaɗo. Abin da ba zai yi ba shi ne rage ƙiba, duk da yadda mata ke ɗura shi da ruwan zafi da sassafe. Yawan shansa tsagwaro yana cinye kwalliyar haƙori, mai ƙwannafi ko gyambon ciki kuma yana iya tayar masa da zafi, balle a cikin da ya wuni ba komai. Masu shafa shi a fuska su fita rana su ma su sani yana iya ƙona fata ya bar baƙin tabo.

Garehul ne nake so ki tsaya ki karanta da kyau. Ba mugun ɗan itace ba ne, ga mai lafiyar da ba ya shan magani abu ne mai kyau. Matsalarsa da magunguna ce. A 1989 wasu masu bincike a Kanada suna gwada yadda giya ke shafar wani maganin hawan jini mai suna felodipine, sai suka zuba ruwan garehul don ya ɓoye ɗanɗanon giyar. Da aka auna jinin mutanen, sai aka tarar maganin ya ninka abin da ake tsammani. Daga baya aka gano dalili. A bangon hanji akwai wani sinadari da aikinsa shi ne ya karya wani kaso na magani kafin ya shiga jini, kuma da lissafin wannan kason ake yanke wa mutum adadin da zai sha. Garehul yana kashe wannan sinadari. Sai ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko fiye, jini ya faɗi, jiri ya kwashi mutum, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Garehul ɗaya ko kofi ɗaya ya isa, kuma tasirinsa yana wuce yini guda, wani lokaci har kwana uku, saboda haka dabarar a sha magani da asuba a sha garehul da dare ba ta fid da kowa.

Cikin magungunan da abin ya shafa akwai nifedipine da felodipine na hawan jini, da simvastatin da atorvastatin na rage kitsen jini. Har maganin zazzaɓin cizon sauro na haɗin artemether da lumefantrine, wanda kusan babu gidan da ba a sha, takardar cikin kwalinsa tana cewa a guji ruwan garehul. Ke ba za ki je ki ce wa surukarki ta buɗe miki jakar magani ba, kunya ma ba za ta bar ki ba. Lemon zaƙi da tanjarin na yau da kullum ba su da wannan matsala, don haka ki tsaya a kansu ki huta.

Tunda kin tambayi amfaninsa ga lafiya, gara in raba miki wanda ya tabbata da wanda baki ya ƙara wa gishiri. Wanda ya tabbata tun da daɗewa shi ne maganin ciwon ƙarancin bitamin C, wanda ke sa dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni ya buɗe. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ware matuƙa 12 masu wannan ciwo a jirgin Salisbury, ya kasa su biyu-biyu, kowane kashi da irin maganinsa. Biyun da ya ba lemon zaƙi biyu da na tsami ɗaya kullum su ne suka miƙe, cikin kwana shida ɗayansu har ya koma bakin aiki. Duk da haka sai 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemon tsami ga matuƙanta. Na biyu, wanda ya fi kusa da mu: bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake, zogale da alayyahu, shayi kuwa rage tsotsar yake yi. Faranti na ƙosai ko alala da lemo a gefe ya fi wa mai ƙarancin jini amfani a kan ƙosai da kofin shayi mai kauri. Maganar cewa lemo yana hana mura ita ce aka ƙara wa gishiri. Abin da bincike ya nuna shi ne mai samun bitamin C a kai a kai murarsa tana ɗan rage kwana, ba wai ba za ta kama shi ba.

Batun saye. In kina Kano ki daure ki je 'Yan Lemo da ke Na'ibawa da safe, lokacin da ake sauke kaya, maimakon ki bi baro kashi-kashi. Mafi yawan lemon da muke sha daga Binuwai ake lodo shi, wajen su Gboko, kuma kakarsa hunturu ce. Mun yi sa'a, azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, yanzu ya doshi cikin sanyi: na 2026 a watan Fabrairu ya kama, na shekarun da ke biye kuma suna ƙara shiga tsakiyar kakar lemo. Kada kore ya ruɗe ki. Ɓawon lemo ba ya rikiɗa ya yi ja sai inda dare ke yin sanyi sosai, shi ya sa namu yake nuna yana kore shar, alhali cikinsa zuma. Kuma lemo ba ayaba ba ne, ba mangwaro ba ne, in an tsinke shi ya gama nuna, ajiya ba ta ƙara masa zaƙi. Ki ɗauka ki jinjina a tafin hannu. Mai nauyi, mai santsin fata, shi ne mai ruwa. Mai girman banza da kaurin ɓawo, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ki sa a yanka miki ɗaya daga tsakiyar buhu, ba wanda mai kaya ya zaɓo ba, sannan kada ki manta da gyara.

Wata shekara na yi wauta, na sayi rabin buhu kwana biyar kafin in kai, na bar shi ɗaure cikin leda a bayan ƙofar kicin. Ranar da na kwance, guda uku sun yi furfurar ruɓa sun shafa wa maƙwabtansu, warin har falo. Tun daga ranar ba na saye sai ana gobe zan kai, in baza su a tabarma su sha iska, in goge kowanne da tsumma mai tsabta, duk wanda ya fashe ko ya yi laushi in ajiye wa yarana.

Saura batun cika ido, wanda shi ne ainihin damuwar maigida. Ki gaya masa mutanen Sin, a bikin sabuwar shekararsu, tanjarin bibbiyu suke riƙewa su je gaida manya, don a harshen Kanton, ɗaya daga harsunansu, sunansa ya yi kama da kalmar zinariya. Turawa ma sun daɗe suna sa wa yara lemo a safa ranar Kirsimeti, tun zamanin da samunsa a cikin sanyi sai mai hali. Abin da ke rage wa namu daraja baƙar leda ce. Ki samo kwando mai kyau ko babban faranti, ki shimfiɗa sabon tawul, lemon zaƙi a ƙasa, tanjarin a sama, dabino a tsakiya, ki rufe da faifai mai ado. Kada ki cika yawa, ki auna abin da gidan zai shanye cikin kwana biyar ko shida, in azumi ya raba tsakiya ki sake aika wani. Aike biyu ya fi zama a ran tsohuwa a kan katan ɗaya da aka tura ƙarƙashin gado. In kuma maigida ya kafe sai an ga kwali, ki bar shi ya sayi ɗaya na zalla, a ce na baƙin Sallah ne, a miƙa wa Hajiya a hannunta ba Alhaji ba.